Birkin Mota Biyu

Wani ne a Samaru, mai shagon hoto-kwafi, Allah ya buɗa masa ya sayi tsohuwar jif 'yar Beljiyam. Tun ranar da makulli ya shiga hannunsa, ko gaisuwa sai ta taga.

Akwai wata Edith a Muchia da yake mutuwar so. Ubanta kuwa, Baba Oladipo, tsohon ma'aikacin reluwe, ya ƙi cewa e, ya ƙi cewa a'a. Kullum maganarsa ɗaya: "Yaron nan rawar kai ta yi masa yawa. Bari in ga natsuwarsa tukuna."

Mutumin naku ya zauna ya yi tunani, abin da ba kasafai yake yi ba. Baba yana da gona can bayan Basawa, hanyar duk laka da kwazazzabai. Motar Baba kuma ta girmi Edith, don ma yana lallashin motar, kullum da safe sai ya wanke ta da hannunsa. Ko ba daɗe ko ba jima za ta kwanta a daji, shi kuma ya je ya jawo ta, magana ta ƙare. Sai ya nufi Sabon Gari, shagon Iyke mai kayan gyaran mota.

"Iyke, birki nake so. Na shiga daji, na jan mota. Wanda in na taka, ko tunanin mutum sai ya tsaya."

Iyke ya jera masa faifan birki kala-kala. "Wannan Taiwan. Wannan Beljiyam. Wannan kuwa, Oga, shi ne oga kwata-kwata."

Gogan ya ɗaga na ƙarshen, ya hango Iyke ta cikin hujojin da ke jikinsa.

"Haba Iyke! Ni za ka sayar wa abin da gara ta ci?"

"Oga, no be gara! Hancinsa ne. Ta nan yake numfashi in ya yi zafi."

"Faifai mai hanci?"

"Na so e be, haka yake." Iyke ya haɗo masa da fad, 'yan ƙarafan nan masu cije faifan in an taka. "Ka ga wannan da wannan? Mota biyu suke tsayarwa lokaci ɗaya. Amma fa in za ka ja mota, da sandar ƙarfe za ka haɗa su, ba..."

Ina! Daga "mota biyu" kunnen gogan ya rufe shago.

Aka ɗaura masa, Samaru ta shiga uku. Kaza ta gilma, ƙiii! Leda ta tashi, ƙiii! 'Yan acaɓa suka koma ba shi tazara kamar mai ɗauke da gawa. In ya zo majalisa, sai ya sa mai faci ya kwance taya don abokai su ga hancin birki.

Rannan da damina, ga filashin ɗin Edith ya shigo wayarsa. Ya kira.

"Ka yi sauri! Motar Baba ta maƙale a hanyar gona, kututture ya tsinke mata tiyon birki. Ina jiran ku a bakin titin Basawa."

Daɗi kamar ya kashe shi. Ya sure igiya, ya cilla daji. Kuma a gaskiya jif ɗin ta yi abin kirki, ja ɗaya ta tumɓuko motar Baba daga laka. Baba ya dube shi sama da ƙasa, ya ɗan gyaɗa kai.

"Ka yi ƙoƙari, yaro. Ranar Lahadi bayan coci ka turo manyanka mu zauna."

Da mutumin naku ya tsaya nan, da yanzu 'ya'yansa na sakandare.

"Amma ina sandar ƙarfe?" in ji Baba. "Ba ni da birki fa. Da igiya za ka ja ni?"

"Baba, kwantar da hankalinka. Birkina na mota biyu ne."

"Na mota nawa?"

"Biyu. Da tawa da taka. Kai dai riƙe sitiyari kawai, ka huta."

Baba ya dubi sama. Hadari na haɗowa, ga buhunan masara a kujerar baya. Ya ce, "To, sannu-sannu. Kuma kome za ka gani, kada ka tsaya da ƙarfi."

Suka kama hanya tiɓis-tiɓis, lafiya lau, har suka iso gangaren da ke sauka titi. Can ƙasa ga Edith tsaye da ƙawayenta, ga masu tumatir, ga matan sojojin bariki sun fito cefane. Gogan ya ce a ransa, yau in ba a ga birkin nan ba, yaushe za a gan shi? Ya ƙara wuta. Baba ya shiga danna hon yana ɗaga hannu ta taga. Gogan ya hango ta madubi, ya ce, "Allah sarki, tsoho yana jinjina mini." Ya ɗago masa hannu shi ma, ya sake ƙara wuta.

Daidai gaban Edith, ya haɗa ƙafa biyu ya take.

Ƙiiii! Jif ta kafe kamar an dasa ta.

Garam!

Fitilun Baba suka tarwatse. Lagireto ya fashe yana huci. Buhu guda ya tsallako daga baya ya zazzage wa Baba masara a wuya, kajin Basawa suka taho gudu. Edith ta ɗora hannu a ka.

Gogan ya fito yana gyara kwalar riga. Ya leƙa tayar jif, ya leƙa ta Baba, ya tura motar Baba da ƙafa ya ga ko motsi ba ta yi. Sai fuskarsa ta washe.

"Baba, ka gani ko? Iyke bai yi ƙarya ba. Duk biyun sun tsaya!"

Baba ya fito da kyar ta taga, ya tofar da ƙwayar masara, ya ce:

"Iyke ya rage maka lissafi, yaro. Har da aurenka, uku ya tsayar."