Yadda Za Ka Kayar da Ƙanwarka a Gwajin Rubuta Direba, Cikin Ladabi

Kai babban wa, matso kusa, yau Allah ya haɗa ka da gwani. Kana da ƙanwa mai ƙwaƙwalwa kamar wuta? Wani kamfani a Kano ya aiko mata gwajin ɗaukar aiki, kai kuma gabanka sai faɗuwa yake, don ka san in ta ci za ta tattara ta bar ka da shago kai kaɗai? Kwantar da hankalinka. Ni Mu'az, mai shagon gyaran kwamfuta a Rogo Sabon Gari, na yi maka alkawari: bi matakan nan, ƙanwarka za ta faɗi warwas, kuma tana faɗuwa tana yi maka godiya. A kan tawa ƙanwar Munawwara na gwada, ba a gari na ji ba.

Bari in warware maka gwajin tukuna, kada ka je kana zare ido. Akwai abin da ake kira na'urar kwaikwayo. Faifan ajiya ne, misali, wanda babu shi a zahiri, wata manhaja ce ta yi shigar burtu ta ce ita faifai ce. Wannan na'ura tana da 'yar ma'ajiya inda take rubuta bayanin kanta: girmanta, da abin da ta iya. Sunanta ma'ajiyar saiti. Direba kuwa shi ne ɗan aiken da babbar manhajar kwamfuta ke turawa ya karanto bayanin. Shi aka ce Munawwara ta rubuta. Ni na koya mata wannan karatu da bakina, saboda haka na san duk inda zan sa mata ƙafa.

Sirrin guda ɗaya ne. Waɗanda suka tsara ƙa'idojin nan ba su da kunya ko ta sisin kwabo. Duk abin da direba nagari yake yi, a Rogo rashin tarbiyya ne. Kai dai ka tsaya a kan tarbiyya, ita za ta yi maka aikin.

Mataki na 1: Nemi dattijo ka ajiye

Ƙarya ba ta tsayuwa sai da mai gyaɗa kai. Ni nawa Baffa Sulle ne, ƙanen mahaifinmu, wanda kullum da hantsi yake zuwa cajin waya ya zauna a bencinmu har azahar. Bai san inda ake kunna kwamfuta ba, amma in ana maganar ladabi, ko alƙali sai ya saurara masa.

Ka durƙusa ka gaishe shi har ƙasa. Ka tambayi gida, ka tambayi gona, ka tambayi gwiwar da ke damunsa. Ka sa a kawo masa shayi mai kauri. Daga nan duk abin da ka faɗa, in dai akwai kalmar "tarbiyya" a ciki, zai ce, "Haka yake, Mu'azu."

Mataki na 2: Hana direban tambaya

A ƙa'ida, wasu gurabe a ma'ajiyar saiti ba sa nan sai in na'urar ta sanar cewa tana da su. Direba nagari sai ya fara duba abin da na'urar ta ce ta iya, sannan ya kai hannu. In ya kai hannu gurbin da ba a sanar da shi ba, shirme zai kwaso ya kai wa uwar ɗakinsa.

Kai kuwa ka leƙa ta bayan ƙanwarka, ka ja tsaki.

Na ce, "Munawwara, wannan wane irin baƙo kike rubutawa? Ya shiga gidan mutane yana tambaya, kuna da kaza, kuna da kaza? Ai ya zauna kawai, abin da ya samu ya ɗauka."

Baffa ya ce, "Haka yake. Ɗan mutunci ba ya binciken tukunya."

Ta ce, "Baffa, in bai tambaya ba ai hannu zai zura a tukunyar da babu ita." Ta ci gaba da bugun allonta tana murmushi.

Kada ka karaya. Ƙanwa irin wannan ba a kayar da ita a zagayen farko.

Mataki na 3: Koya masa babbar loma

Kowane gurbi da faɗinsa, ana auna shi da bayit. Mai bayit ɗaya a karanta shi da awon ɗaya, mai biyu da awon biyu, mai huɗu da awon huɗu. Mai takwas, irin wanda ke ɗauke da girman faifai, a raba shi gida biyu. Na'urar kwaikwayo tana lura da yadda aka taɓa ta. In ka dumbuza gaba ɗaya kamar mai kwasar gyaɗa, tana iya ba ka rabi, tana iya yi maka kunnen uwar shegu.

To ka ce mata tsinta-tsinta raini ne. An kawo maka tuwo kana ɗan mintsinarsa, me kake so mai gida ya ɗauka? Ka ce ta kwafe ma'ajiyar dungurungum da damƙa ɗaya, a wuce wurin.

Munawwara ko juyowa ba ta yi ba. Ta ce, "Yaya, in kana jin yunwa ne ka faɗa, akwai ɗanwake a kwano."

Ka ci ɗanwaken. Mai yaƙi yana buƙatar ƙarfi.

Mataki na 4: Babba gaba

Nan ne za ka samu Baffa ya miƙe tsaye. A ma'ajiyar nan, in lamba ta ƙunshi bayit da yawa, mafi ƙanƙanta daraja shi ake jerawa a gaba, babban yana can ƙarshen sahu. Haka aka tsara, kuma direba dole ya karanta a haka ko da kwamfutarsa ta saba da wani jerin. In ya juya, faifan da bai fi ɗaukar hotunan suna ɗaya ba zai ce zai iya haɗiye hotunan jihar Kano kaf.

Ka juya wajen dattijonka ka sassauta murya. Na ce, "Baffa, ka san a cikin abin nan da take rubutawa, ƙaramin ne yake shiga gaba, babban yana biye?"

Baffa ya ajiye kofi. "Wa ya ce?"

"Ƙa'idarsu ce."

"Ƙa'idar gidan uban wa? Ke 'yar nan, ko a jerin tafiya gona kin taɓa ganin an yi haka? Maza ki mayar da babban gaba!"

Munawwara ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Baffa, Allah ya huci zuciyarka, ƙaramin nan turo shi aka yi ya share wa babban hanya."

Baffa ya auna maganar, ya ce, "To, in share hanya ne, ba laifi." Ya koma ya ɗauki kofinsa. A nan za ka gane cewa dattijo makami ne mai baki biyu, kuma shayin da ka saya ya tafi a banza.

Mataki na 5: Ba a tambayar babba sau biyu

Wannan shi ne gatarin. Kamfanin ya faɗa a fili cewa a lokacin gwaji za su riƙa canza girman faifan yayin da direban ke karatu. Ka tuna girman nan gida biyu ake karanta shi. In ya canza a tsakani, sai ka tashi da rabin tsohon girma da rabin sabo, kamar telan da ya auna ƙafar wando ɗaya a jikinka, ɗayar a jikin maƙwabcinka.

Maganinsa wata lamba ce da na'urar ke canzawa duk sanda ta taɓa saitinta, lambar sauyi. Direba ya duba lambar, ya karanta abin da ya zo karantawa, ya sake duba lambar. In ta canza, ya watsar ya koma farko, har sai amsa ta zauna. Da na koya wa Munawwara wannan, da dukan tebur na koya mata, har muka mai da shi waƙa.

Yanzu sai ka haɗe rai ka ce, "Na'ura ta ba shi amsa, ya koma ya sake tambaya? Ƙaryata ta yake yi ke nan."

Baffa ya ce, "Wannan kam fitsara ce. Babba in ya yi magana sau ɗaya, an gama." Ya kurɓi shayi, sannan ya ƙara da abin da ban saya ba. "Ni ma dai da za ta faɗi gwajin nan da na fi so. In ta tafi wa zai zauna da kai, Mu'azu? Kai da tun rasuwar Innarku ba ka iya cin abinci kai kaɗai."

Ka yi dariya da ƙarfi. Ka ce Baffa akwai barkwanci. Kada ka kalli ƙanwarka.

Ni na kalla. Hannunta ya tsaya a kan allon, kuma wannan karon ba ta yi murmushi ba.

Mataki na 6: Yi rawa

Ranar aikawa ta faɗo ranar kasuwar Karaye. Sabis ɗin unguwarmu sai an yi masa addu'a, don haka ta rungumi kwamfutarta ta shiga motar 'yan kasuwa, ta matse tsakanin buhunan gyaɗa, za ta aika daga can.

Tana tafiya ka buɗe kwafin da ta bari a kwamfutar shago. Ni na buɗe. Tambayar abin da na'ura ta iya tana nan. Awon kowane gurbi daidai. Ƙarami gaba, babba baya. Aiki tsaf, har da 'yan bayanai a gefe irin yadda nake yi. Na gangara wajen karanta girman faifai, sai na ga wayam. Layukan da ke duba lambar sauyi babu su. Ba mantuwa ba ce, don bayanin da ta rubuta a kansu yana nan, layukan ne aka cire da hannu.

Ka ci nasara! Tashi ka taka! Ni ma na tashi, na ɗaga hannu ɗaya, sai na koma na zauna. Wani abu ya yi min nauyi, kuma ba ɗanwake ba ne. Kunya ce, irin wadda ban taɓa ji ba.

Mataki na 7: Ari babur

Kowane babur. Ni na Ɗantala mai faci na fizga, yana ihu yana cewa burkin baya sai an yi masa magana a hankali. Ka bar wa Baffa shago, ka ce duk wanda ya zo ya gaishe shi da kyau har ka dawo.

A hanya za ka haɗu da garken shanu suna tsallakawa cikin natsuwa kamar an biya su. Ka yi wa mai su sallama, ka tambayi lafiyar garke, zuciyarka na tafasa. Hularka za ta tashi a wani kwana. Ka bar ta, wani ya samu rabo.

Mataki na 8: Yi fitsarar da kanka

Na same ta a gindin wata darbejiya kusa da sakatariya, inda masu neman sabis ke taruwa. Kwamfutar na kan cinyarta, saƙon a shirye, yatsanta na shawagi.

Na ce, "Ke! Kar ki taɓa!"

Ta ɗago. "Yaya, ina hularka?"

"Ina layukan lambar sauyi?"

"Ai kai ka ce fitsara ce."

"Ni na ce, amma ke wa ya ce ki ji? Yaushe kika fara jin maganata?"

Ta ce, "Yaya, kai ka koya min abin nan da dukan tebur. Tun ranar da ka fara kawo wa Baffa shayi na san me kake yi. Dariya kawai nake. Amma in zamana kake so, ai sai ka faɗa, ba sai ka ɓata sunan tarbiyya ba. Zan zauna. Aikin ma duk ɗaya ne a wurina."

Na tsuguna a gabanta, mutane na kallo. Na ce, "Munawwara, kina son aikin nan?"

"Na ce maka duk ɗaya ne."

"Kina son aikin nan?"

Ta kau da kai. "Yaya, ka bari mana."

"Amsa ta canza, dole in koma farko. Kina son aikin nan?"

Sai hawaye. Ta ce, "Ina so. Wallahi ina so, Yaya. Tun ina aji uku nake so."

Na sake tambaya, don ƙa'ida ƙa'ida ce. Ta ce tana so, tana dariya tana share hanci da bakin hijabi. Amsa ta zauna. Na ce, "To mayar da layukan nan kafin in saɓa miki." Ta mayar da su da ka, ko numfashi ba ta ja ba, ni kuma ina buga murfin tankin babur ina rera mata waƙar. Ta aika.

Wanke hannu

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin komai. Ba ruwansa da kuɗin shayi, ko hular da ta ɓata, ko abin da Ɗantala zai faɗa a kan burkinsa. In ka bi matakan nan ƙanwarka ta ci gwaji, ta koma gidan Gwaggo Talatu a Kano, kujerarta ta zama wurin ajiye caja, kada ka zo shagona da ƙorafi, ina da nawa. Na yi alkawarin wani zai faɗi warwas, kuma an faɗi.

Haka kuma ba ni da alhakin tarbiyyar yarinyar da za ka samu bayan haka. Tawa kullum da azahar sai ta kira.

"Yaya, ka ci abinci?"

"Na ci."

"Yaya. Ka ci abinci?"

Marar kunya. Sai in jawo kwanon, in zauna kusa da Baffa, in buɗe yadda za ta ji ƙarar murfin, sannan in sake ba ta amsa.