Rasuwar Na'urar da Ta Makara da Awa Ɗaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu can ƙarƙashinsa wanda ya fi baƙin ciki ɗaci, ake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar na'urar naɗar sauti da hoto ta ajin koyon gyaran agogo, wadda aka fi sani da Amintacciya. Ta cika ranar Talatar da ta wuce da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, bisa agogon jama'a. A nata agogon kuwa ƙarfe goma ne, kuma a nan duk maganar take. Sanarwar ta fito daga hannun mai ita, wanda gida da waje ake kira Injiniya, ɗa na biyu ga Baba Mai Agogo.

Ga wanda bai san marigayiyar ba, baƙar akwati ce, faɗinta bai wuce farantin shayi ba, da 'yar koriyar fitila a goshi. Ba sabuwa aka saye ta ba. Ta hannu ce, ta taɓa zama a wata ƙasa mai nisa kafin ta shigo hannun Injiniya, kuma shi da kansa ya goge ta, ya busa mata ƙura, ya ce halinta ake dubawa ba shekarunta ba.

Dalilin zuwanta shi ne Baba. Shekara hamsin tsohon nan ya yi sunkuye a kan cikin agogo, da gilashi a ido ɗaya da hantsaki a hannu. Da wata makarantar koyon sana'a ta roƙe shi ya riƙa koyarwa kai tsaye ta intanet duk ranar Alhamis, daga ƙarfe huɗu zuwa biyar, don ɗalibai na nesa su kalla a wayoyinsu, sai ya gindaya sharaɗi biyu. Na farko, ba zai yi magana iska ta kwashe ba, a adana masa kowane darasi. Na biyu, kada a saki ko ɗaya sai ya kammala duka, don ba ya son a ga aikinsa rabi da rabi. Injiniya, wanda sana'arsa ke nan haɗa na'urori a ofisoshin mutane, ya buga ƙirji a gaban kowa ya ce wannan ai nasa ne.

Kwana biyu ya yi yana girka ta. Ya huda bango, ya ja waya mita arba'in daga aji zuwa ɗakin ajiya, ya ɗaure kyamara a saman teburi daidai inda za ta kalli hannuwan Baba, ya maƙala makirufo a gefen fitila. Ya ba marigayiyar adireshinta a kan hanyar sadarwar makarantar, ya sa mata kalmar sirri, ya rubuta mata jadawali: Alhamis, ƙarfe huɗu, awa ɗaya cur. Da ya kunna ta sai ta ce ɗit, ɗit, sau biyu, 'yar fankarta ta kama gurnani a hankali kamar mage ta samu wuri mai ɗumi. Injiniya ya ce duk rayuwarsa bai taɓa jin sallama mai daɗin wannan ba.

A faɗi alherinta, tunda haka ake yi wa mamaci. Ba ta taɓa kuka da zafin ɗakin ajiya ba. Ba ta taɓa neman hutu ba, ba ta taɓa cewa kanta na ciwo ba. Duk Juma'a da safe Injiniya kan leƙa ta daga wayarsa, ya tarar da sabon darasi a jere da 'yan'uwansa, da kwanan wata, da rubutun ƙarfe huɗu, da tsawon awa ɗaya ba daɗi ba ragi. Shida na farko ya zauna ya kalle su daga farko har ƙarshe. Daga nan aiki ya yi masa yawa, ya koma ƙirga su kawai. Shi ya raɗa mata suna Amintacciya. Ya yi ta yabonta a gaban masu ba shi aiki, har ya taɓa ce wa mai ɗakinsa da mutane za su yi rabin riƙon amanar akwatin nan da duniya ta zauna lafiya. Mai ɗakin ta kau da kai a ranar, kuma sai yanzu ya gane dalili.

Abin da ba a sani ba shi ne, a mako na bakwai an ɗauke wuta. Marigayiyar tana da wani ɗan batir a ciki, bai fi maɓallin riga ba, shi ke riƙe mata saitin lokaci, kuma ashe ya daɗe da mutuwa. Da wuta ta dawo ta tashi ta tuna komai, adireshi, kalmar sirri, jadawali, ban da abu ɗaya. Ta koma kan agogon ƙasar tsohon maigidanta, wanda yake bayan na nan da awa ɗaya. Jikinta yana ɗakin ajiya, zuciyarta tana can. Ba ta yi ƙara ba, ba ta sauya launin fitila ba. Tun daga ranar, idan ta ce huɗu ta yi, biyar ce, Baba ya riga ya sallami ɗalibai. Kyamara kuwa tana nan a kunne har a tashi makaranta ƙarfe shida, tana aika mata duk abin da ta gani. Ita kuma ta karɓa ta adana, ta rubuta ƙarfe huɗu a kai, a gefen ɗakin koyon gyaran agogo, bango ɗaya tsakaninta da mutumin da ke gane agogo ya yi lattin minti ɗaya daga jin bugunsa.

Wata biyu da suka wuce Baba ya faɗi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, hannu ya tafi, magana ta tafi. Darussa suka tsaya a ɗari da arba'in da uku. Da aka dawo da shi gida ya ɗan samu ƙarfi, sai ya fara wata alama da hannun hagu: ya nuna talabijin, ya zana akwati a iska, ya nuna Injiniya. Ba wanda ya buƙaci fassara. Tsoho yana son ya ga hannunsa yana aiki, ya ji muryarsa. Ranar Litinin ta makon jiya da safe Injiniya ya tafi ɗakin ajiya yana fito, ya kwafe shida na farko, sannan ya buɗe na bakwai don ya ɗan gani.

Kujera ce babu kowa. Teburi, fitila a kashe, sai ƙarar tsintsiya, shaf, shaf, shaf. Ya buɗe na takwas, ya buɗe na ashirin, ya buɗe na sittin. A wasu yakan tarar da Baba na minti goma, yana tattara kayan aiki a cikin gwangwani, mai shara tana jiran ya tashi. Ba darasi ko ɗaya. Da a nan abin ya tsaya da cin amana ɗaya ce, kuma da Injiniya ya san inda zai ajiye ta.

Amma marigayiyar, da ta ƙi riƙe abin da aka ba ta, ta riƙe abin da ba a ba ta ba. Ga kaɗan daga muryoyin da aka ji daga bakinta. A darasi na tamanin da huɗu hantsaki ya kuɓuce daga hannun Baba, mai shara ta sunkuya ta ɗauko.

"Baba, hannun nan fa yau ya fi na makon jiya rawa," in ji ta.

"Ke dai yi shararki, baiwar Allah. Ba ki ga komai ba."

A na casa'in Yaya ce ta shigo ɗaukarsa, babbar 'yarsa, da mayafi a kafaɗa da takardar likita a hannu.

"Baba, likita ya ce ka huta. Ya ce jinin nan ba wasa ba ne. Don Allah ka bar ni in gaya wa Injiniya."

"Ki gaya masa me? Kin san halin ƙanenki. Yau ya ji, gobe ya kwance kyamarar nan ya zaunar da ni a gida kamar tsohon kwando. Saura kaɗan in gama. Ki yi mini shiru."

"To, Baba. Na yi shiru."

Ta yi shirun kuwa, wata goma sha huɗu. Auta ma ya zo, ya riƙe Baba har bakin ƙofa, yana cewa, "Baba, jingina da ni, ba mai gani." Sannan a na ɗari da goma sha ɗaya wata murya ta shigo wadda Injiniya zai gane ko cikin kasuwa, muryar matar da yake kwana ɗaki ɗaya da ita.

"Baba, ga maganin. Na ce masa wajen tela na je."

"Allah ya yi miki albarka, 'yata."

A nan Injiniya ya gane komai. Gida guda aka haɗa baki, uba da yaya da ƙane da mata, har da mai shara, aka mai da shi baƙo a cikin danginsa. Shi ne mai leƙa waya duk Juma'a yana ƙirge, yana murmushi, yana ganin ya riƙe komai. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya ji kamar ya tashi ya je ya tara su ya kunna musu. Da ma a nan ya kashe ta. Amma Talata da safe ya dawo ya ci gaba, har ya kai na ɗari da arba'in. Yaya tana kuka, tana roƙon Baba ya bari haka nan. Baba ya ɗaga kai ya dubi kyamara, ido cikin ido, da wannan dariyar tasa ta gefen baki.

"Ki daina kuka. Ko gobe na faɗi, ban yi asara ba. Duk abin da ke kaina yana cikin akwatin yaron nan. Shi ba ya aikin ganganci."

Bayan wannan marigayiyar ba ta ƙara cewa komai mai ma'ana ba. Hoton ya tsaya a kan fuskar Baba, rumbun ajiyarta ya fara ƙas, ƙas, ƙas, fanka ta yi wani dogon nishi, koriyar fitilar da ta yi shekara uku tana shaidar zur ta yi ƙifce sau biyu ta mutu. Masu yaɗa cewa Injiniya ne ya buga ta da ƙasa su ji tsoron Allah. Bai taɓa ta ba. Zama ya yi a kan kwali, hannu biyu a ka, har mai shara ta leƙo ta koma. Abokan sana'a biyu sun duba ta daga baya, sun tabbatar ba abin da za a iya cirowa. Ta tafi da awa ɗari da talatin da bakwai na kujera da tsintsiya da asirin gida, ba wanda ya ji su sai mutum ɗaya.

Ta rasu ta bar kyamara ɗaya, wadda har yanzu take kallon teburi ba ta san an yi rasuwa ba. Ta bar makirufo, da waya mita arba'in, da kwalinta na asali, da takardar bayani cikin harsuna tara, inda aka yi maganar ɗan batir a shafi na sittin da biyu da ƙananan haruffa. Ta bar marayu shida, wato darussan farko: yadda ake buɗe bayan agogo, yadda ake riƙe hantsaki, yadda ake goge gilashi, da makamantansu. Duk abin da ya sa ake kiran Baba Mai Agogo, daga darasi na bakwai ya fara.

Ta kuma bar Injiniya, wanda ya kwana shida yana neman wanda zai yi fushi da shi ya ƙare a kansa. Yaya da Auta da mai ɗaki, a wannan takarda za su fara sanin cewa ya ji. Ba ya neman bayani, kuma ba ya son a zo masa da kuka. Ya ce sun ci amanarsa, na'ura ta ci amanarsa, amma su aƙalla an roƙe su ne suka yi shiru. Shi ba wanda ya roƙe shi kada ya danna darasi na bakwai shekara uku da suka wuce.

An jinkirta jana'iza ne saboda mai ita ya kasa ɗaga ido ya dube ta. Yanzu an tsai da gobe Talata, ƙarfe tara na safe, a ɗakin ajiya na makarantar. Za a kwance wayoyinta, a mayar da ita kwalinta, a miƙa ta ga mai sayen tsofaffin ƙarafa da ke bayan tasha. Ba a buƙatar jawabi, kuma duk wanda ya zo da niyyar cewa ai da an duba batir, ya zauna a gidansa. Za a bi da gawar ta hanyar baya, kada a wuce ta gaban tagar Baba.

Zaman makoki ba a gida za a yi shi ba, kuma ana roƙon kada takardar nan ta shiga ɗakin tsoho, don har yanzu yana iya karatu. Tun ranar Laraba ake kunna masa darasi ɗaya kowace la'asar. Yana kallo yana motsa yatsun hagu, yana bin hannunsa na cikin talabijin, wani lokaci har ya yi dariya. Yau aka kunna masa na shida. Gobe da la'asar zai buɗe tafin hagu ya nuna biyar, ya ƙara biyu, yana neman na bakwai. Duk wanda ke ɗakin a lokacin, Yaya ce ko Auta ko mai ɗaki, Injiniya yana roƙonsa don girman Allah ya ce ana kan kwafewa.