Rubutun da Na Bari a Bayan Ango

Ba zan taɓa mantawa ba da rigar auren Lawali, kuma na daɗe ina juya maganar a raina kafin in yarda in rubuta ta. Sau uku ina farawa ina yaga takardar. Ina tsoron mutanen unguwar Birni su gane ni, ina tsoron Lawali ya ji haushi, ina kuma tsoron a ce wanda ya tsaya a aji shida ya ɗauko abin da ya fi ƙarfinsa. Sai da na je na nemi izininsa, ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan na zauna.

Ni mutumin Gouna ne. A lakwal, wato makarantar boko, ba a san ni da komai ba sai cika bayan kaye, littafin rubutu, da zane. Da na bar karatu, mahaifina ya kawo ni Zinder wurin Baba Kyari, wani dattijo ɗan asalin Barno da ke zanen manyan riguna a cikin Birni. Ya ce ya ba ni shekara biyu. In hannuna bai kama ba, in komo gida mu riƙe hauya tare.

Shekarun nan biyu kusan a mafarki na yi su. In aka aike ni, sai in bi lungunan yashi a hankali ina kallon zanen da ke jikin tsofaffin gidaje, da'ira cikin da'ira, layi ya nutse ƙarƙashin layi ya fito can gaba kamar mai iyo. Har in ga kamar suna motsi in rana ta karkata. Nakan ga kaina na tsufa, da farin gemu, wani baƙo ya zo daga nesa yana tambaya ina ne gidan mai zanen nan. (A lokacin ko gemun ban fara ba, kuma aikina shara da dama tawada.)

Ga yadda aikin yake. Mai zane shi ke fitar da fasalin ado a kan yadi da alƙalamin kara da tawada irin ta allo. Daga nan mai ɗinki ya bi layin da zare. In an gama sai a wanke, tawadar ta fita tas, a kai wa mabuga su buge rigar ta yi ƙyalli. Saboda tana wankuwa, mai zane kan sa 'yan alamominsa a gefe, ba wanda ke damuwa.

Saura wata biyu wa'adina ya cika, Baba Kyari ya ajiye mini farar shadda a gaba.

"Ta auren Lawali ce, ɗan aminina," in ji shi. "Idona ya fara gajiya. Ka zana adon aska biyu da tambari. In ta yi kyau, kai ne mai zanen shagon nan. In ba ta yi ba, ka gaida mini babanka."

Kwana biyu ban iya cin abinci sosai ba. Na zana, kuma wallahi ya yi kyau, ni kaina na tsaya ina kallo. Sai tunani ya fara. In gumin hannun mai ɗinki ya goge layin fa? In ruwan buta ya fantsama? In na rikita gaba da baya, ko dama da hagu? Na tuna akwai wani alƙalamin bik mai kauri a shagon maƙwabcinmu, wanda yake rubuta suna da shi a jikin buhun gyaɗa. Na aro shi na bi layukan duka, don su zauna daram. Tunda yana hannuna, sai na sa wa kaina alamomi da manyan baƙaƙe. A kafaɗa na rubuta HAGU. A tsakiyar baya na rubuta NAN NE BAYA. A ƙasan aljihu kuma, inda layin ya ɗan karkace mini, na rubuta KA NUTSU.

Ban yi tunanin komai ba. Na ma ji daɗin kaina, na ce yau na toshe kowace kafa.

Mai ɗinkinmu, wani mai suna Sanda, ya ga rubutun, ya ɗauka tawada ce, ya yi ta tsokanata yana aikinsa har ya gama. Aka kai wanki. Mai wankin bai yi boko ba, ya cuɗa iya ƙarfinsa, da abin ya ƙi fita sai ya ɗauka sabon yayi ne. Mabuga suka buge, suka ninke ta da kyau, adon a sama.

Saura kwana huɗu ɗaurin aure, da hantsi, Lawali ya zo da abokansa uku. Maƙwabta suka taru don ganin aikin farko na ɗan Gouna. Ni kuwa ina tsaye a gefe, na riga na lula cikin tunani, ina jin yadda za a riƙa faɗin sunana a gidan biki. Lawali ya zura rigar, ya ɗaga hannuwa, ya juya.

Sai ɗaya daga cikin abokan ya karanta da ƙarfi, dalla-dalla, kamar mushe, malamin lakwal, a gaban allo: "Nan... ne... baya."

"To, madalla," in ji wani. "Da amarya ta sha wahalar nema."

Lawali ya juyo da sauri don ya ga me ake wa dariya, sai ga na ƙirji ya bayyana.

"Ka nutsu, ango! Rigarka ma ta faɗa maka!"

Sanda ya zame daga kan tabarma yana tari. Na buɗe baki in yi bayani, abin da ya fito shi ne, "Ai don kar a rikice ne."

Baba Kyari bai yi dariya ba. Ya kawo yadin dab da idonsa, ya lasa yatsa ya murza, ya sake murzawa.

"Ɗana, da me ka rubuta wannan?"

Na faɗa masa.

"Na buhu," ya maimaita a hankali. "Lawali, sun ɗauke ka gyaɗa."

Aka sake fashewa. Na fara tattara takalmana, don na san hanyar tashar Gouna. Sai ya ce, "Ina za ka? Wanda ya ɓata shi ke gyarawa. Ka fitar da adon da zai haɗiye rubutun nan, Sanda ya bi da zare. Ba na son in ga baƙi ko ɗaya. Kuma da tawada, don Allah."

Babu irin wannan ado a cikin abin da aka koya mini, don ba wanda ya taɓa bukatarsa. Na zauna ina kallon baƙaƙen har suka daina zama rubutu a idona, suka koma sanduna da kusurwoyi. Na ja layi ya zagaye su, ya shiga tsakaninsu, ya rufe. Na baya ya fito dogo kamar reshe mai ganye, na ƙirji kamar ƙulli. Shi ne zane na farko da ban kwafa daga kowa ba. Sanda ya yi kwana uku yana ɗinki yana zagina, Lawali ya sa rigarsa ranar aure, ni kuma ban koma Gouna ba sai da sallah.

Abin da na koya bai da yawa. Tawadar da ke wankuwa, don irina masu kuskure aka yi ta, ni kuma na fi kowa gudun ta. In kuma zan yi wa kaina nasiha, yanzu a zuci nake yi, ba a jikin ango ba.

Saura abu ɗaya da ke damuna. Zaren ya rufe rubutun ta waje, amma ta ciki yana nan, kuma bik ɗin ya fara ratsowa gefen adon kafaɗa, shuɗi-shuɗi. Matar Lawali ta gwada lemun tsami, ta gwada madara, bai motsa ba. Duk wanda ya san abin da ke fitar da irin wannan daga farar shadda ba tare da ya ci zaren ba, don Allah ya sanar da ni. Amma ya fara gwadawa a kan tsumma tukuna, sau biyu in da hali.