Ɗinyar Woolwich

A shekarun da kuɗin mai ya fara ratsa mu, ina karatu a Landan, ina zaune a unguwar Woolwich, na ɗinka wata farar shadda mai ɗaukar ido. Ranar Juma'ar da na fara saka ta, maƙwabciyarmu Maman Talatu, 'yar Jos mai aikin jinya, ta ce in riƙe mata kwano zuwa wata tsohuwar bishiya a bayan layinmu. Malberi ake ce mata. Matar nan takan dafa 'ya'yan da sukari da citta, ta yi abin shafa wa burodi wanda har yau ban ɗanɗani irinsa ba.

Tana tsinka ɗaya bayan ɗaya da yatsu biyu, kamar mai cire ƙaya. Na dubi 'ya'yan baƙi ƙirin, nan take na gane su.

"Mama, ai ɗinya ce. Mu a Bichi ba ma lallashinta. Matsa ki gani."

"Malam, rigarka fa," ta ce.

Na kama reshe na girgiza iya ƙarfina. Ɗinya in ta faɗo maka, tsalle take yi ta wuce. Wannan kuwa fashewa take yi, ga ruwanta ja kamar jini.

Wata tsohuwar Baturiya ta gan ni jina-jina, ta tambaya ko a kira motar asibiti. Maman Talatu, da ko ɗigo bai taɓa kayanta ba, ta tsince waɗanda suka maƙale a hulata ta zuba a kwano.

Kafin magariba mutanen gidanmu sun naɗa ni Sarkin Marina. Jikokin Maman Talatu ba su jin Hausa, amma wannan sarautar sun iya faɗarta sarai.