Ranar da na tara wa Malam dangi saboda gwajin jini

Ba zan taɓa mantawa da ƙarar kwaɗon nan ba, wani ɗan "ƙas" da na ji daga zaure ina tankaɗe. Malam ne ya kulle kekensa ya jingine. Mutumin da ko masallacin ƙofar gida sai ya so ya hau keke!

Na tambaye shi, ya ce, "Ba komai, hutawa nake." Ban yarda ba. Kwana biyu kafin nan ya je asibiti a Kazaure, ya dawo da auduga a hannu. Ga yawan ɗaukar buta. Ga shi ya daina kirana ɗakinsa (ku yi haƙuri, dole in faɗa). Sai na fara laɓe, ni da nake yi wa yara wa'azi a kan laɓe. Na ji yana ce wa amininsa a waya, "Gwajin ya hau, sai an sake." Nan take na yanke hukunci: ciwon daji ne, yana ɓoye mini don kada in tayar da hankali.

Maimakon in sake tambayarsa, sai na kira babbar yayarsa a Roni ina kuka. Ita ta kira danginsu na Ɓaɓura, har mahaifiyata ta samu labari ta taho. Ranar da ya koma asibiti, kafin la'asar gida ya cika, an shimfiɗa tabarmi, an toya wainar sadaka, malamai na karatu a zaure.

Malam ya yi sallama, ya tsaya turus. "Wa ya rasu?"

Yaya ta ce, "Kai za mu tambaya. Zauna ka faɗa mana, me likita ya ce?"

Haka bawan Allah ya zauna, gaban yayarsa da mahaifiyata, yana kallon ƙasa, yana bayanin wata 'yar tsoka da maza ke da ita a ƙarƙashin mafitsara. Ya ce hawan gwajin ba shi ne ciwon daji ba. Kumburin tsufa na kawo shi, ciwon fitsari ma haka, shi ya sa ake maimaitawa kafin a ce komai. Likita ne ya ce ya ajiye keke kafin a sake ɗibar jinin.

Yaya ta ce, "Keke kaɗai ya hana ka?"

Malam ya ɗago ya dube ni. Mahaifiyata ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce za ta je ta yi alwala (da alwalarta kuwa).

Sakamakon bai fito ba sai daga baya, kuma har yanzu likita na bibiyarsa, alhamdu lillahi. Abin da na koya shi ne, in miji ya ce ba komai, a sake tambayarsa a ɗaki kafin a kira Roni.

Da baƙi suka watse ina wanke tanda, autata ta tsuguna kusa da ni.

"Umma, tunda Baba bai mutu ba, mu ma za mu iya cin wainar?"