Yadda Za Ka Gane Ma'aikacin Ƙwarai Ba Tare da Ka Kalli Aikinsa Ba

An ba ka shef, wato shugabancin ma'aikata, a injin casar shinkafa? Madalla. Bi matakan ga, na lamunce maka kafin kaka ta zagayo kowa a Malanbil ya san sunanka. Matakan ga ne wani Hambali ya bi sa'ad da Hajiya Sa'a ta damƙa masa injinta na hanyar Garu, har yau ana zancensa.

1. Fara da gemu

Kada ka shiga wurin aiki, ƙaiƙayi ne da ƙara. Dubi haɓa kawai. Hambali ya tara ma'aikata ya ce mai furfura jininsa ya yi sanyi, shi tahi gida. Washegari babu farin gemu ko ɗaya. Tsoho Issufu mai ɗinkin buhu ya iso gemu baƙi ƙirin, gumi na gangaro masa da shuni a wuya.

"Baba, shekarunka nawa?"

"Shef, ni da ɗana Audi tsara muke."

2. Raba aiki bisa asali

Ɗan Dendi na kogi ne, tura shi jiƙa shinkafa. Ɗan makiyaya ya saba da tsayuwa, ba shi gadi. Bahaushe baki gare shi, kai shi wurin masu saye. Kadiri makanike ya so ya kawo cikas: uwa 'yar Dendi, uba Bafillace, baki Hausa. Hambali ya yi dogon nazari, ya raba masa yini kashi uku. Injin kuwa ya ba ƙanen matarsa, saurayi mai faɗin kafaɗa.

3. Sallami masu iyali

Yau suna, gobe biki. Mata masu tsince tsakuwa duk suna da maza da 'ya'ya, sai aka nuna musu ƙofa. Ɗayarsu, Na'ima, ta gyara goyo, ido ya cika da ƙwalla, ta ce, "Shef, ita tsakuwar an hwaɗa mata?"

Kada ka amsa irin wagga tambaya.

4. Kare iliminka

Hajiya Sa'a ta sa aka dafa buhun farko ranar da surukanta suka ƙetaro daga Gaya. Loma ta biyu, ƙas! Ta aika aka kira Hambali, ta aza masa rabin haƙorinta a tafin hannu.

Hambali bai ruɗe ba. Ya juya haƙorin, ya ɗaga shi a haske.

"Hajiya, ranki shi daɗe, haƙorin ga, shekarunsa nawa?"

Albasa yake lodi yanzu a tasha.

Gargaɗi: mai wagga shawara ba ya gyaran haƙori, ba ya raka kowa wurin jandarma. In ta ɓaci, ban taɓa ganinka ba.