Rasuwar Anti, Jagorar Sarkin Lungu

Da zuciya mai nauyi, wadda baƙin ciki ya cika, Sarkin Lungu, mai babur ɗin ɗakin gwajin jini, yana sanar da 'yan uwa, abokan aiki da duk masu hular kwano rasuwar wayarsa kuma jagorarsa, wadda aka fi sani da Anti. Ta cika ranar Talata da misalin ƙarfe biyu da kwata na rana, a tsakiyar shataletale mai hanya biyar, bayan doguwar jinya da wani magani da ya riga cutar gama aiki. Ta rasu tana da shekara shida, biyar daga ciki a ɗaure a kan babur.

Marigayiyar ta shigo gidan a matsayin waya kamar kowace waya. Shekararta ta farko ta ƙare ne wajen amsa kira da ɗaukar hoton jariri. Rayuwarta ta sauya ranar da maigidanta ya sami aikin da yake kai har yau: zagaya ƙananan asibitoci goma sha bakwai da ke gefen gari, ya karɓi kwalaben jinin marasa lafiya, ya jera su a kula mai ƙanƙara, ya isar da su ɗakin gwaji kafin lokacinsu ya wuce. A lokacin bai cika wata uku a garin ba. Sai ya yanko tiyub ɗin taya ya ɗaure ta tsakanin madubai biyu, ya zura wayar iyafis, abin sauraro na kunne, ta cikin riga har ƙarƙashin hular kwano. Muryar mace ta ce masa, “Bayan mita ɗari biyu, yi dama.” Ya ce, “To, Anti.” Sunan ya bi ta har ƙarshe.

Duk wanda ya san ta zai shaidi haƙurinta. A shekara biyar maigidanta ya wuce kwanar da ta nuna masa ba adadi, amma ba ta taɓa ce masa ai na faɗa maka ba. Iyaka ta ce, “Ana sake neman hanya.” Ta sha rana, ta sha ruwan sama a cikin leda, ta sha girgizar inji har idonta na ɗaukar hoto ya lalace, kowa ya riƙa fitowa da kai biyu. Ba ta kai ƙara ba. Ba ta kuma fitar da sirrin maigidanta ba, ko da yake ta fi kowa saninsa.

Domin adalci, za a ambaci rauninta. Ta taɓa dagewa sai ya haye wata gada da ba a fara ginawa ba. Ta kuma taɓa tsayar da shi a gaban katangar wata makaranta, ta ce da cikakken tabbaci, “Ka iso.” Iyalan sun yafe mata.

A ƙarƙashin jagorancinta ne maigidanta ya sami sarautar da ake kiransa da ita. A inuwar da masu babur ke hutawa bayan ɗakin gwaji, an yarda babu lungun da bai sani ba. Idan wani ya nuna wayar da ke kan babur ɗinsa, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, “Wannan? Agogo nake dubawa.” An bar shi a haka.

Mutum ɗaya ne bai taɓa kiransa da sarautar ba, wato Kawu, dattijon da ya riƙe hanyar asibitocin shekara goma sha ɗaya kafin ciwon baya ya mayar da shi aiken kusa. Ranar da aka damƙa wa sabon ma'aikaci kular, Kawu ya ce masa, “Ɗana, biyo ni kwana biyu in nuna maka ƙofofin. Rabinsu titin ba shi da suna.”

“Kawu, ku a zamaninku sai an tambayi bishiya,” in ji shi. “Mu yanzu daga sama ake mana kwatance.”

Aka yi dariya. An ci gaba da yin ta shekara biyar, domin Sarkin Lungu ya iya kwaikwayon kwatancen Kawu: ka wuce inda gidan mai yake a da, ka bar shagon da ya ƙone a hagunka, idan ka ji warin fenti ka yi yawa. Kawu bai taɓa ramawa ba. Abin da ya ce tun ranar farko shi ne, “To, Allah ya bar ku tare.”

Jinyar marigayiyar ta fara ne da zazzaɓi. Da rana ta take sai jikinta ya ɗauki zafi, fuskarta ta dushe, ta rubuta cewa tana buƙatar hutu. Hutu kuwa babu, domin jini ba ya jira. A nan ne maigidanta ya gano maganin da ya yi alfahari da shi mako uku. A kowane asibiti, yayin da nas ke rubuta sunaye a jikin kwalabe, sai ya kwance Anti ya kwantar da ita a cikin kula, tsakanin ƙanƙara biyu, minti biyar. Takan fito garau, murya tangaram. Har ya fara ba wa wasu shawara.

Ranar Talata ta fito daga kula da hazo a cikin gilashinta. Ya goge da hannun riga, hazon bai tafi ba, domin ta ciki yake. Ya ɗaure ta suka kama hanya da kwalabe tara a baya. Da suka shiga shataletale ta ce, “A nan, ɗauki hanya ta...” Ba ta ƙarasa ba.

Maigidanta ya ce sau huɗu ya zagaya yana jiran sauran maganar. Jami'in da ke ba da hannu a wurin ya ce bakwai ya ƙirga.

An kwantar da ita a cikin buhun shinkafa bisa shawarar maƙwabta, washegari aka garzaya da ita wurin mai gyaran waya, wanda ake kira Likita. Ya buɗe bayanta, ya sa gilashin ido ya duba, ya ɗago.

“Wa ya yi mata wanka?”

“Ba wanda ya yi mata wanka.”

“To wa ya sa ta a firij?”

Mai makoki, wato maigidanta, ya ce, “Minti biyar-biyar ne fa.”

“Sarki, ka ɗauko abu da zafinsa ka tura cikin ƙanƙara, ka fito da shi rana, ka sake turawa. Gumi take yi ta ciki. Mako uku kana ba ta ruwa a huhu.” Likita ya mayar da murfin, ya miƙa masa ita da hannu biyu. “Sai haƙuri. Ko kamfanin da ya ƙera ta ba zai tashe ta ba.”

Ba ita kaɗai ta tafi ba. A cikinta akwai ɗigo goma sha bakwai da maigidanta ya dasa a taswira da hannunsa, kowanne da sunan da ya raɗa masa: Mai Gadi Mai Masifa, Ƙofar Baya Kawai, Nas Mai Tabarau, Kar Ka Bi Ta Kwata. Ba a kwafe su ko'ina ba. Kalmar sirrin da za a iya nemo su da ita, mai shagon da ya sayar da wayar ne ya ƙirƙira shekara shida da suka wuce, kuma shagon yanzu wurin aski ne.

A ranar rasuwar, kwalaben nan tara sun isa ɗakin gwaji a makare da awa biyu da minti arba'in. Huɗu sun lalace. Dole aka sake kiran mutum huɗu aka sake soka musu allura, cikinsu har da wata tsohuwa da sai a karo na uku nas ta sami jijiyarta. Wannan ne abin da mai makoki bai iya mayarwa wasa ba. Shugabar ɗakin gwaji, wadda kowa ke kira Madam, ba ta ɗaga murya ba.

“Na ba ka zuwa Litinin,” in ji ta. “Ka yi makokinka. Amma idan jinin mutane ya sake yawo a gari, kular za ta koma hannun wani.”

Kafin nan Kawu aka roƙa ya riƙe hanyar. Ranar Laraba ya fita ba waya, ba iyafis, ya dawo da saura minti ashirin lokaci ya cika, har ya tsaya ya sha shayi.

A wannan gaɓa iyalan suna son gyara wani bayani da ya daɗe yana yawo. Marigayiyar ba agogo ba ce. Binciken da aka yi cikin gida ya nuna mai makoki ya san hanya daga gidansa zuwa wurin aiki, ya san ta gidan surukansa idan an biyo ta wajen kasuwa. Sauran garin ya ratsa shi kullum shekara biyar, amma idonsa na kan wani shuɗin layi mai faɗin ɗan yatsa.

Marigayiyar ta bar caja ɗaya mai naɗin salatif a wuya, da iyafis wanda kunnen hagu kaɗai ke magana, da tiyub ɗin da ya riƙe ta bai taɓa saki ba, da riga ta roba wadda ta yi mata yawa tun da batirinta ya kumbura aka sauya. Ta bar babur, da maigidanta, da uwargidansa, tela, wadda ta ce tana taya shi jimami amma ba ta ga abin kuka ba. Ta kuma bar kula, wadda iyalan ba su ɗora wa laifi ba. Aikinta ta yi.

Game da magaji, an zauna ranar Alhamis a ɗakin ɗinki, tsakanin keke da tulin yadi, Likita yana halarta a matsayin mai ba da shawara. Mai makoki ya fara gabatar da wayar uwargida, ya ce aro ne na ɗan lokaci.

“Wace? Wadda awon mutane ke ciki?” in ji ta, ba ta ɗago daga keken ba. “Baban yara, ka kashe taka da sanyi, tawa kuma da me? Taɓa ta ka gani.”

Aka janye sunanta.

Likita ya ajiye biyu a kan teburin yanka. Ɗaya waya ce ta hannu, mai lafiya, amma ya ce ita ma kan babur zai cinye ta, da rana da girgiza. Ɗayar na'ura ce da aka ƙera don babur kawai. Ba ta kira, ba ta hoto, ba ta tsoron ruwa, ana ganin fuskarta da tsakar rana, tana jin yatsa ko da safar hannu, tana da mariƙinta na ƙarfe. Mai makoki ya juya ta, ya tambaya ko tana zazzaɓi. Aka ce ba ta yi. Sai ya rubuta mata sunayen asibitocinsa ɗaya bayan ɗaya. Uku ta sani.

“Duk wadda ka ɗauka jaririya ce,” in ji Likita. “Sai an kai ta ƙofa-ƙofa an nuna mata. Wa zai kai ta?”

Uwargida ta cije zare. “Ni dai da an tambaye ni, da na ce a gwada wadda ke cikin hular kwano. Sabuwa ce fil, ba a taɓa kunna ta ba.”

An zaɓi na'urar babur. Tambayar Likita kuwa ta kwana ba amsa.

Ranar Juma'a da safe aka ga Sarkin Lungu a inuwar masu babur, ya cire hular kwano, ya durƙusa gefen bencin Kawu, a gaban mutanen da suka sha dariyar kwaikwayonsa. Ya yi bayani cewa marigayiyar ta yi wa asibitoci goma sha bakwai hidima, bai dace a rufe ta ba tare da an zagaya da ita ta yi bankwana da kowanne ba. Ya ce ana neman dattijo ya shige gaba, saboda girma.

Kawu ya hura shayinsa. “Saboda girma.”

“E, Kawu.”

“Ba don kwatance ba.”

Mai makoki ya dubi ƙasa. “Har da shi, Kawu. Ban san hanya ba.”

An ce ba wanda ya yi dariya, sai wani da tari ya sarƙe. Kawu ya shanye shayin, ya ajiye kofi, ya ce, “To, Sarki. Ka zo da ido.”

Saboda haka ana sanar da jama'a tsarin rakiya kamar haka. Za a tashi gobe Asabar da ƙarfe bakwai na safe daga ƙofar ɗakin gwaji. Marigayiyar za ta yi tafiyarta ta ƙarshe a aljihun gaba na maigidanta, nesa da kula. Magajiyarta za ta hau mariƙinta, baki a rufe, a dasa mata ɗigo a kowace ƙofa. Kawu zai jagoranci ayari, kuma zai riƙa tsayawa a wuraren tarihi, ciki har da inda gidan mai yake a da. Ba a yarda da iyafis ba. Bayan asibiti na goma sha bakwai za a miƙa ta ga Likita, wanda zai ajiye ta a akwatinsa na ƙasa tare da sauran waɗanda suka riga ta, bayan ya cire abin da zai amfani masu rai.

Masu son yin ta'aziyya za su sami uwargida a ɗakin ɗinki. Ana roƙon kada a kawo shawarar magani.

Kawu ya gindaya sharaɗi ɗaya, iyalan kuma sun karɓa: a dawowa za a kashe na'urar, mai makoki ne zai shige gaba. Don haka ba a sa lokacin dawowa ba. Ana shawartar masu rakiya su cika tanki.